Kayan Sallah sun yi mini kwantai, haya ta ƙarato: in karyar ko in jira?

MaiTurmi_Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga kasuwa. Ina da ƙaramin shago na atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari, ni da yara biyu. Kafin azumi na saro kaya fiye da yadda na saba, saboda bara tun kafin goman ƙarshe kayana suka ƙare, na zauna ina kallon masu saye suna wucewa shagon maƙwabci. Bana sai abin ya juye. An yi ƙaramar Sallah, an yi babba, har yanzu kusan sulusin abin da na saro yana jibge a sito, kuma mafi yawansa zanen da aka yi yayinsa ne kafin azumi, wanda yanzu mata ke ɗagawa su ajiye su tambayi sabon fitowa. Nan da wata biyu kuɗin hayar shago da na sito za su cika, wanda ya ba ni wani ɓangare na kayan bashi kuma ya fara aiko yaro yana gaishe ni. Tambayata biyu ce. Shin in karyar da kayan ko da ƙasa da yadda na saro, ko in haƙura in jira lokacin bukukuwa? Sannan ta ina ya kamata in fara rage kashe kuɗi, domin zuciyata ba ta son sallamar ko ɗaya daga cikin yaran?

Dattijon_Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye, ɗana. Na haura shekara talatin a wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da bai yi kwantai ba. Kafin ka yanke shawarar karyarwa ko jira, ka rufe shago rabin yini, ka shiga siton nan da littafi da biro, ka fito da komai, ka kasa shi kashi uku. Farar shadda da ruwan toka da shuɗiya, da farin yadi, ba su san yayi ba. Ango zai saya, mai neman kayan Juma'a zai saya, ko da sun shekara a hannunka. Waɗannan ka naɗe su da kyau, ka ɗora su a kan katako saboda danshin damina da gara, ka ƙyale su. Kashi na biyu atamfar da zanenta ke da natsuwa, irin wadda dattijuwa za ta ɗaura ba tare da ta tambayi yaushe ta fito ba. Ita ma tana iya jira kaɗan. Kashi na uku shi ne na yayi, wanda aka laƙaba wa suna aka yi rububinsa wata biyu. Wannan kam kowace safiya darajarsa raguwa take yi, kuma da zarar masu kwaikwayo sun buga irin zanen a kan yadi mai araha, magana ta ƙare. Shi za ka fitar, kuma ka fitar da shi da wuri.

Akanta_Zazzau:
Ina bayan Baba, kuma zan ƙara da lissafi, tunda aikina ke nan. Abin da ke ɗaure wa da yawanmu hannu shi ne mu kafe a kan kuɗin da muka saro, alhali mai saye ba ya tambayar nawa ka biya, abin da yake gani a sauran shaguna shi yake tayawa. Mu ɗauki misali. Ka saro turmi a kan naira 20,000, yau ana taya maka 17,000. Idan ka sallama, ka faɗi da 3,000. To amma idan ka zuba wannan 17,000 a kayan da ke fita duk wata da ribar kashi goma cikin ɗari, za ta riƙa kawo maka 1,700 a wata, cikin wata biyu ka maye gurbin abin da ka rasa har da ɗoriya. Idan kuwa ka riƙe turmin wata shida kana jiran mai biyan 20,000, ka rasa ribar da ta haura 10,000, ga hayar siton da yake kwance a ciki, kuma babu tabbacin cewa bayan wata shidan za a sake taya maka ko 17,000 ɗin. Wannan asarar ba ta bayyana a littafi, shi ya sa ba ma jin zafinta kamar yadda muke jin na 3,000.

DanSari_Singa:
Malam Akanta, lissafinka ya yi kyau a takarda, amma ka manta ƙasar da muke ciki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ni da idona na ga waɗanda suka karyar da kaya a tsakiyar 2023 domin su samu kuɗi a hannu, da suka koma sari ko rabin abin da suka fitar ba su iya mayarwa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. A irin wannan yanayi kaya sun fi takarda amana. Ni shawarata, MaiTurmi ya nemi inda zai samo kuɗin haya ya riƙe kayansa.

MaiHatsi_Dawanau:
Ɗan'uwa DanSari, abin da ka faɗa ya faru, amma rabin labarin ka ba da. A ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, kafin tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,100. Wanda ya saro kayan waje a Fabrairu domin Sallar da aka yi ranar 10 ga Afrilu, ya wayi gari maƙwabcinsa yana sayar da irin kayansa ƙasa da yadda shi ya saro. Mu ma a harkar hatsi mun sha namu. Da yawa sun cika sito da masara da shinkafa a kakar 2024 bisa tunanin cewa farashi sama kawai yake tafiya, ga shi kuma gwamnati ta ba da damar shigo da masara da alkama da shinkafa da wake ba tare da harajin kwastan ba na tsawon kwana 150. A 2025 farashi ya karye, wasu sun sayar da buhu ƙasa da yadda suka saya a kaka, abin da ba mu saba gani ba, domin a al'ada bazara da damina ne lokacin tsada. Kuma hatsi ma ci ake yi dole. Atamfar yayi fa? Babu wanda yunwa za ta tilasta masa sayenta.

DanSari_Singa:
Na karɓi gyara a kan kayan yayi. Amma a kan shaddar da Baba ya ce a ajiye, ina nan a kan bakana.

HajiyaMaiLefe:
Salamu alaikum. Ni daga gida nake sana'ata, haɗa lefe da fitar da anko, kuma ina ganin maza kun taƙaita maganar a kan zaɓi biyu kawai, ko a karyar a bakin shago ko a rufe a sito. Malam MaiTurmi, zanen da matar birni ta gaji da gani a waya, akwai inda bai kai ba tukuna. Sannan mai haɗa lefe ba duka akwati take cikawa da sabon fitowa ba. Takan sa manya guda uku ko huɗu a sama, sauran kuma ta nemi masu kyau masu sauƙin kuɗi domin cika lissafi, kuma a nan ne kayanka za su shiga. Idan kana da zane ɗaya da ya kai turmi ashirin ko talatin, to wannan ai anko ne yake jiran biki. Dangin amarya abin da suke nema shi ne kala ɗaya da za ta ishi kowa a farashin da marasa ƙarfi a cikinsu za su iya. Ka ɗauki hoton kowane zane da safe a hasken rana, a shimfiɗe, ba a cikin leda ba, ka aika wa mata irina ta WhatsApp da farashin sari. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka rubuta rangwame a bakin shagonka a kan kayan da ka sayar wa mata da tsada wata uku da suka wuce. Wadda ta saya a lokacin za ta ji an cuce ta, kuma daga ranar za ta riƙa jiran ka karya kafin ta saya.

Ummu_Hanan_Gusau:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai a yi hattara da ba da kaya a hannu. Mijina ya taɓa raba kwantai ga dillalai huɗu a kan su sayar su kawo kuɗi, ba rubutu, ba shaida, sai amana. Ɗaya ce kawai ta cika alkawari. Ɗaya ta rabar wa maƙwabta bashi har yau ana bi, wata ta dawo da kayan bayan wata huɗu sun sha hannu, ƙamshin turaren wuta da maiƙo duk sun kama su, ba su sayuwa a matsayin sababbi. Kwantan da ke sito aƙalla kana ganinsa da idonka. Idan za a bayar, a ba da kaɗan, turmi biyar zuwa goma, a rubuta, a sa ranar dawowa, a yanke la'ada tun farko, kuma kada a ƙara sai an kawo kuɗin na baya.

MaiTireda_Tudunwada:
Ku masu yadi kuna cikin ni'ima, domin kayanku ba su da ranar mutuwa. Ni a tireda madara da taliya da lemon kwalba da man shafawa duk da kwanan wata a jikinsu, kuma idan ya wuce ba faɗuwa kawai ba ce, laifi ne, hukumar NAFDAC na iya kwashe kayan ta rufe shago. Abin da ya cece ni ƙaramar al'ada ce. Duk katan ɗin da ya shigo ina rubuta watan ƙarewarsa da babban alƙalami a gefen da ke kallona, sabo ya tafi baya, tsoho ya dawo gaba. Da zarar saura wata uku, sai in kai wa masu shayi da masu abincin sayarwa da ragi, domin su cikin mako guda za su ƙarar, kuma ina nuna musu kwanan watan da yatsana kafin su biya. Ina ganin MaiTurmi zai iya aron wannan: ya rubuta ranar shigowar kowace dila, ya yanke wa kansa wa'adi, duk zanen da ya kwana tis'in bai motsa ba ya san hukuncinsa, ba sai haya ta zo wuya ba.

Almajirin_Fiƙihu:
Allah Ya saka wa MaiTireda da alheri da ya ambaci nuna kwanan wata. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannu ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka turmin da rana ta ci gefensa ko ruwa ya taɓa, a faɗa wa mai saye kafin ciniki, haka nan kada a ce wa tsohon zane sabon fitowa. Akwai kuma batun zakka da ba a taɓo ba. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum, wanda ake kira mudiri, idan shekararsa ta zagayo yakan yi wa kayan shagonsa ƙima da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya cikin arba'in idan sun kai nisabi, kuma sananniyar magana ita ce kayan da suka yi kwantai ma suna shiga wannan ƙima. Ƙimar da farashin yau ake yi, ba da na sari ba. Tunda kai ma ana bin ka bashi, Malam MaiTurmi, ka zauna da malamin da ka amince da shi ku yi lissafin tare.

Injiniya_Sabongari:
An yi nisa a kan kaya, an bar tambayarsa ta biyu. Kafin a taɓa yara, a duba abin da ke zurara kullum ba a ji. Na taimaka wa wani ɗan'uwana ya rubuta duk abin da ya fita daga aljihun shago na wata guda, har kuɗin ruwan leda da na ɗan dako, sai muka tarar man janareta ne kan gaba bayan haya, domin a ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000. Shagon yadi ba ya buƙatar firji. Fitilu ne da fanka da cajin waya da na'urar POS. Faifan sola ɗaya ko biyu da batir sun ɗauke wannan, kuma idan maƙwabta uku suka haɗa kuɗi nauyin ya yi sauƙi. Na biyu shi ne siton kansa. Idan aka fitar da kashi na uku da Baba ya ambata, wataƙila ragowar za ta shiga saman shago, ko ka raba siton da wani ku raba haya. Ka lura cewa kwantan ne ya sa kake biyan haya biyu.

Dattijon_Kwari:
A kan yara ina da magana. Yaron shago da ya san inda kowane zane yake, ya san fuskar masu sari daga Maraɗi da Zinder da Yola, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ba a samunsa a rana ɗaya. Idan ka sallame shi yau, gobe yana shagon da ke kallon naka, kuma masu sayen da suka saba da shi za su bi shi. Maimakon haka ka mayar da ɗaya mai fita. Ka ɗaure masa kaya daidai ɗauka, ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ci ta Wudil ranar Juma'a, ka yanka masa wani abu a kan kowane turmi da ya sayar. Haka aka yi mana muna yara, kuma a nan muka koyi ciniki. Sai dai ka lissafa kuɗin mota da na abinci kafin ya tashi, domin a tsadar sufuri ta yanzu, idan kayan ba su kai yawan da za su ɗauki kuɗin hanya ba, tafiyar ba ta da amfani.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Tunda Baba ya ambace mu, bari in sa baki. Kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, saboda haka duk lokacin da naira ta yi ƙasa, kayan Kano sukan yi mana araha, mu kuwa mukan sayi da yawa. Mai neman fitar da kaya a dunƙule ya tuna da masu sari na wannan ɓangare, domin zanen da aka gama yayinsa a Kano sau da yawa yana da sauran kwana a kasuwanninmu na ƙauye. Amma mu ma mun ga darasi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a Maris 2024, kuma waɗanda suka dogara da masu saye na ƙetare kaɗai sun zauna da kaya wata da watanni. Idan za ka sayar mana, ka karɓi kuɗinka a hannu, ku yanke farashi da naira ko da sefa tun a wurin, kada a bar canji ya zama abin gardama daga baya.

Akanta_Zazzau:
Akwai wanda ba mu yi maganarsa sosai ba, wato mai bashi. Malam MaiTurmi, tunda ya fara aiko yaro, kada ka bari ya aiko na uku. Ka je da ƙafarka, ka tafi da littafinka, ka nuna masa abin da ya fita da abin da ya rage. Ka roƙe shi abu biyu: ya karɓi waɗanda ba a buɗe ba ya musanya maka da masu tafiya, ko da zai rage wani abu a kai, sannan ya raba maka ragowar bashin kashi-kashi. Babban dila yana da masu sari a garuruwan da kai ba ka kaiwa, abin da ya tsaya maka shi yana iya fitar da shi cikin mako. Abin da ba na so ka yi shi ne abin da DanSari ya nuna, wato ciwo sabon bashi domin biyan haya alhali ga kaya a kwance. Bashi a kan bashi shi ya rufe shaguna da yawa da na yi wa lissafi.

DanSari_Singa:
Ban ce ya je ya ci bashi mai ruwa ba, Malam. Akwai adashe, akwai 'yan uwa. Amma na yarda zuwa wurin mai kaya ya fi komai gaggawa.

MaiTurmi_Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na bi maganar Baba, ni da yaran muka fito da komai. Na sha mamaki, domin abin da nake kira sulusi ashe wajen rabinsa shadda ce da yadi da ba su da matsala, tsoro ne ya haɗe mini su wuri ɗaya. Na kuma tarar da dila guda a can ƙurya wadda danshin bango ya taɓa turmi shida a cikinta, sun yi tabo a gefe. Waɗannan zan ware su in faɗi aibinsu kamar yadda Malam Almajirin_Fiƙihu ya ce. Na yayin kuwa zane tara ne, uku daga ciki suna da yawan da zai yi anko. Gobe in Allah Ya kai mu zan je wurin mai kayan. Abin da har yanzu ban iya yankewa ba shi ne nawa zan rage. Idan na rage kaɗan ba za su tashi ba, idan na rage da yawa ina tsoron abin da Hajiya ta faɗa.

HajiyaMaiLefe:
Ka raba farashin gida biyu. A shago ka bar shi kusa da yadda yake, ka riƙa yin ragi a baki ga wadda ta ɗauki biyu ko uku. Babban ragin ka ajiye wa mai ɗaukar goma zuwa sama, wadda za ta fita da su daga unguwar masu sayenka. Zane ukun nan na anko ka turo mini hotonsu, akwai bukukuwa biyu a hannuna kafin ƙarshen wata.

MaiHatsi_Dawanau:
Ni kuma ina ganin ragi sau ɗaya mai ƙarfi ya fi ragi kaɗan-kaɗan. Wanda ke sauke farashi duk mako yana koya wa masu saye su jira mako mai zuwa, kuma haka muka yi ta bin farashin masara a baya yana gudu muna binsa. Baba, kai da ka daɗe a Kwari, idan turmi na 20,000 ne kuma zanen ya yi wata biyar, a nawa kake sallamawa ga mai ɗaukar dila guda?

Dattijon_Kwari:
Ya danganta da ko na kwaikwayo ya riga ya shigo kasuwa. MaiTurmi, kafin ka tafi wurin mai kaya gobe, ka aiki ƙaramin yaron ya zaga layukan 'yan tebur da ƙyallen kowane zane a aljihu, ya dawo ya faɗa maka guda nawa ya gani a cikin taran da kuma nawa ake sayar da su. Ka kawo mana amsar nan, sai mu yi maganar farashi.